Jar Tsatsa a Faifan Birkin Mota

Direban da ke kan hanya, Allah ya sauke ka lafiya. Bakaniken da ke kwance ƙarƙashin mota, rediyo na gefen kansa, sannu da aiki. Hajiyar da ta sauke yara a makaranta ta kama hanyar ofis, ke ma shirin nan naki ne.

Yau maganar birki za mu yi. A cikin birkin ma, ƙarfe guda ɗaya za mu tsaya a kai: faifan birki, wanda kanikawa ke kira diski. Shi da abokiyar gabarsa, tsatsa.

Bari in fara da abin da kusan kowa ya taɓa gani. An kwana ana ruwa. Da safe ka fito da tsumma za ka goge gilashi. Idonka ya faɗa kan taya, ka leƙa ta cikin ramukan wili. Jiya da yamma ƙarfen da ke ciki yana ƙyalli kamar sabon faranti. Yau ya yi ja, kamar an tofa masa goro. Ka tayar da mota, ka ja baya, ka taka birki a bakin ƙofa, sai ka ji gurrr, gurrr. Gabanka ya faɗi. Ka ce shi ke nan, yau kuɗin cefane gareji za su tafi.

Kwantar da hankalinka, malam. Sai dai kada ka kashe rediyo, domin tsatsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ba komai. Akwai wadda ke kai mutum asibiti.

Kashi na farko: mene ne faifan nan, me ya sa yake saurin yin tsatsa haka?

Faifan birki wani ƙarfe ne mai kewaye da ke juyawa tare da taya. Taya ta juya, ya juya. A gefe da gefensa akwai wasu 'yan fale-falen abubuwa guda biyu da ake kira fad. Idan ka taka birki, man birki ya tura wata maƙalata da ake kira kalifa, ita kuma ta matse fad ɗin nan biyu a jikin faifan. Ka ɗauki faifan tuwo yana juyawa, ka kama shi da yatsu biyu. Haka abin yake. Gogayyar nan ita ke tsayar da mota. Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistarta tun 1902. Tsofaffin direbobinmu kuwa sun san ta a tayoyin gaban Peugeot 504, Fijon nan da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna a shekarun baya.

Yawancin faifan birki da zubin ƙarfe ake yin sa, wato ƙarfen da aka narkar aka zuba a mazubi. An zaɓe shi ne don yana jure zafi, fad yana kama shi sosai, kuma ba shi da tsada. Zafin kuwa ba na wasa ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Faifan motar da ta sauko daga doguwar gangara da kaya, zafinsa kan wuce digiri 300. Aibinsa ɗaya: tsirara yake. Jikin mota yana da fenti. Fuskar faifai ba ta da komai, domin duk abin da aka shafa mata, fad zai goge shi. Ƙarfe tsirara, ga ruwa, ga iska, tsatsa ke nan. Ba sai an yi ruwan sama ba. Raɓar asuba ma ta isa.

To wannan jar ƙurar da ka gani da safe, ta kwana ɗaya ko biyu, a sama-sama take. Maganinta tafiya. Ka hau titi, ka taka birki a hankali sau biyar, sau shida. Fad zai share ta kamar yadda tsintsiya ke share tsakar gida. Ƙarar ta ɗauke, faifai ya koma ƙyalli. Ku riƙe wannan: tsatsar kwana ɗaya, tafiya ce maganinta. Ba ta buƙatar bakanike, ba ta buƙatar ko naira ɗaya.

Yanzu mun zo kashi na biyu, kuma shi ne ya fi damuna a duk shirin nan. Don Allah a ƙara muryar rediyo.

Mu Hausawa mun san mai maganin tsatsa ne. Ƙofa ta yi ƙara, a ɗiga mata mai. Kwado ya ƙi buɗewa, a zuba mai. Sarƙar keke, keken ɗinki, adda, garma, duk mai. Gaskiya ne, mai yana hana ƙarfe tsatsa. Saboda haka sai mutum ya ga faifan birkinsa ya yi ja, ya ce ai abin mai sauƙi ne, ya ɗauko baƙin mai ko giris ko wannan na gwangwani da ake fesa wa noti idan ya cije.

Kada ka yi. Kada ki yi. Mai ba ya taɓa fuskar faifan birki. Zan maimaita: mai ba ya taɓa fuskar faifan birki, ko wane irin mai ne, ko ɗigo ɗaya.

Dalili? Birki da gogayya yake aiki, mai kuma aikinsa kashe gogayya. Ka tuna yadda tsakar gidan siminti ke yi idan man gyaɗa ya zube. Haka faifanka zai zama. Ka taka birki, fad ya matse, faifai ya ci gaba da sulɓewa a tsakani. Yaro ya tsallako titi da gudu a gabanka, ƙafarka tana kan birki har ƙasa, mota tana tafiya. Allah ya kiyaye. Kuma fad yana shan mai kamar yadda soso ke shan ruwa. Idan ya sha, gogewa da tsumma ba ta fitar da shi. Sai dai a wanke faifan da ruwan wankin birki na musamman, fad kuwa a jefar a sa sabo.

Mai yakan kai ga faifai ko da kai ba ka shafa ba. A wurin wankin mota, yaro ya gama wanki, ya ɗauko man ƙyallin taya yana fesawa fes-fes, rabi a taya, rabi ta cikin ramukan wili. Ka ce masa, "Ɗan'uwana, zuba a soso ka shafa, kada ka fesa." Akwai kuma masu fesa wa ƙarƙashin mota baƙin mai ko man gas don kare ta daga tsatsa. In za a yi, to a rufe faifai tukuna. Ka tsaya a kai da kanka.

Tunda muna wurin wanki, ga abu biyu. An gama wanke mota, kada ka kai ta gida ka rufe gareji faifai na ɗigar ruwa. Ka ɗan zaga da ita, kana taɓa birki a hankali. Ɗumin gogayyar zai busar da shi. Sannan idan ka dawo daga doguwar tafiya, ko ka sauko daga gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, faifai na huci, kada a watsa masa ruwan sanyi nan take. Ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi ba sa shiri. Yana iya tsagewa. A bari ya huce.

Kashi na uku: motar da aka ajiye.

Nan zan ba ku labarin kaina. Wata shekara tafiya ta kama ni a tsakiyar damina, kusan wata biyu. Saboda son motata, ana gobe zan tafi na sa aka wanke ta tas. Na shigar da ita ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida, kan jar ƙasa. Na ja birkin hannu har ƙarshe. Na lulluɓe ta da tamfol har ƙasa. Da na dawo, na sa giyar baya, mota ta ƙi motsi. Injin na aiki, ita tana tsaye kamar an ɗaure ta a turke. Na ƙara wuta, sai na ji ɓas daga baya, ta saki. Tun daga ranar, duk lokacin da na taka birki, sai in ji yana bugun tafin ƙafata, dum, dum, dum.

Na kai gareji. Bakanike ya kwance taya, ya juya faifan da hannu, ya ce, "Yallaɓai, matso ka gani." A jikin faifan ga shatin fad nan kwance, kamar sawun ƙafa a taɓo. Kewaye da shatin, ƙarfen ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Na ce, "Oga, me ya jawo haka?" Ya ce, "Da ruwa ka ajiye ta, kuma ka matse birkin hannu. Fad ya manne da ƙarfe, tsatsa ta ɗinke su."

Kurakurai huɗu na yi a rana ɗaya. Na ajiye ta a jiƙe. Na ajiye ta a kan ƙasa, inda laima ke tasowa dare da rana. Na rufe ta ruf, iska ba ta shiga. Na kuma bar birkin hannu a ɗaure wata biyu.

Saboda haka, Alhajin da ke shirin tafiya Makka, ɗan kasuwar da zai yi wata a Legas, ma'aikaciyar da aka tura kwas, ku saurara. A ajiye mota a bushe. A kan siminti in da hali, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke wucewa. In za a rufe ta, a bar ƙasan a buɗe. Idan wurin shimfiɗaɗɗe ne, a bar ta a giya ta ɗaya, mai otomatik kuma a kan harafin P, a sa wa tayoyi weji, wato katako ko dutse, gaba da baya, a saki birkin hannu. Wannan shawarar ta doguwar ajiya ce fa, kuma a wuri mai lebur. Tsayuwar yau da kullum, musamman a gangara, ka ja birkin hannunka kamar yadda ka saba.

Ga kuma wani abu da muke yi muna ganin mun kula da mota. Maigida ya yi tafiya, ya bar wa yaro makulli, ya ce kullum da safe ka tayar da ita ta ɗumama. Yaro ya tayar, injin ya yi minti goma yana aiki, ya kashe. To faifan birki fa? Ko motsi bai yi ba. Ɗumama inji a tsaye ba ya amfanar birki da komai. Sai taya ta juya, an taka birki. A samu wanda ya iya tuƙi, mai lasisi, ya fita da ita sau ɗaya a mako, ko na kwata ɗin awa ne. Tafiya ce maganin, jama'a, tafiya.

Ko motar da ke fita kullum, faifan bayanta ya fi na gaba yin tsatsa, domin birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Mai tuƙi a hankali cikin gari, birkin bayansa kusan hutu yake yi. Masu motocin da ke haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius, abin ya fi shafarku. Motarku tana rage gudu ne da injin lantarki don ta cika batir, fad bai cika taɓa faifai ba. Lokaci-lokaci ka samu titi fayau, ka duba madubi babu kowa a bayanka, ka taka birki da ɗan ƙarfi sau biyu ko uku.

Kashi na huɗu: tsatsar da ido ba ya gani. Ita ce mai haɗarin.

Ta ramukan wili fuskar waje kawai kake gani. Faifai yana da fuskar ciki. Sau da yawa ta waje tana ƙyalli, ta ciki ta ci tsatsa. Abin da kan jawo haka shi ne kalifa. Kalifa tana zamewa ne a kan wasu ƙusoshi biyu masu rigar roba. Idan robar ta yage, ruwa ya shiga, ƙusoshin su cije. Daga nan fad ɗaya ke aiki, ɗayan yana kallo. Alamarsa: ka taka birki, mota ta ja gefe guda. Ko ka ji wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya. Ko a kwance a ga fad ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa da sauransa. Duk lokacin da za a canza fad, ka ce wa bakanike ya zare ƙusoshin nan, ya wanke, ya shafa musu giris na birki. Na birki na ce. Giris na gama-gari yana kumbura roba. Kuma a kan ƙusoshin kaɗai, nesa da fuskar faifai.

Faifan gaba kuma, idan ka dube shi ta gefe, za ka ga kamar faranti biyu ne da ramuka a tsakani. Ta nan iska ke bi tana sanyaya shi. Mai bin hanyar ƙauye da damina, taɓo yana cika ramukan nan, ya bushe a ciki, ya riƙe laima. Tsatsa ta yi ta ci daga ciki, faifai ya kasa huce zafi. Idan ka fito daga taɓo, a wanke cikin wili da ruwa mai ƙarfi, sannan a busar da tafiya.

Haka idan ka ratsa ruwa a titi. Ka fito daga kududdufin da ya kai rabin taya, kada ka hau gudu. Ka tafi a hankali, kana ɗan danna birki, har ka ji ya dawo yana kamawa. Motar da ta kwana cikin ambaliya kuwa maganarta daban ce. Mun tuna abin da ya samu Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, motoci suka nutse a unguwanni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Motar da ta ga irin wannan, tafiya ba ta isa ta gyara birkinta ba. Sai an kwance tayoyi huɗu, an wanke, an duba kalifa, an zubar da man birki an sa sabo.

Man birkin nan ma yana da hannu a maganar tsatsa. Irin wanda muke saya, mai rubutun DOT 3 ko DOT 4 a gwangwani, yana zuƙar laima daga iska sannu a hankali. Ruwan da ya sha yana cin kalifa ta ciki, yana kuma sa man ya tafasa da wuri. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa. Wanda ya sha ruwa, a wajen digiri 155 yake tafasa. Idan ya tafasa a gangara, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canza shi duk shekara biyu. Kuma gwangwanin da aka buɗe aka bari a but wata da watanni, ba sabo ba ne.

Masu shirin sayen tokumbo, kalma ɗaya gare ku. A Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi, ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara don ya narkar da ita. Gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa fiye da ruwa zalla. Mota ta yi shekaru tana bin titin gishiri, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a tashar Legas ko Kwatano cikin iskar teku. Fentinta na iya sheƙi. Kai dai ka tafi da bakanikenka da tocila, a ɗaga ta, a duba faifai ciki da waje, a duba bututun man birki.

Kashi na ƙarshe: idan tsatsa ta riga ta ci, da ranar sa sabon faifai.

Yaushe za ka je gareji? Idan ka yi tafiyar yini guda ƙarar ba ta ɗauke ba. Idan birki na bugun ƙafarka, ko sitiyari na rawa duk lokacin da ka taka. Idan faifan ya huce ka shafa shi da farce ka ji ramuka, ko tsatsar tana ɓarewa kamar ɓawon itace. Idan ƙyallin ya tsaya a tsakiya kamar zare, gefe da gefe duk ja ne.

Wani lokaci a kan kai faifan wurin masu injin fere ƙarfe, su ɗauke masa sama-sama ya koma sumul. Ba laifi, amma da sharaɗi. Kowane faifai yana da iyakar kauri, an rubuta ta a jikinsa, a baki ko a tsakiya, lamba ce ta milimita. A motoci da yawa, tsakanin sabo da wanda ya ƙare bai wuce milimita biyu ba. Ka ce, "Oga, a auna kafin a fere, a auna bayan an fere." Idan ya yi ƙasa da lambar, ba gyara, sai sabo. Kuma biyu ake canzawa tare, dama da hagu, da sabon fad.

In ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, za ka ga iri biyu. Akwai wanda ya zo cikin leda yana maiƙo. Man nan masana'anta ce ta shafa don kada ya yi tsatsa a shago. Dole a wanke shi tas da ruwan wankin birki kafin a ɗaura, fuska biyun duka. Mun dai faɗa: mai ba ya taɓa fuskar faifan birki, ko na masana'anta ne. Akwai kuma wanda ya zo da rufi mai launin toka ko baƙi. Shi an lulluɓe shi da sinadarin hana tsatsa. Inda fad ke gogawa zai goge da kansa, amma tsakiya da baki da cikin ramuka za su daɗe a kare. Ya ɗan fi tsada. In aljihu ya yarda, ni shi zan ɗauka.

Mai son ya yi wa nasa fenti, ana yi, amma da fenti mai jure zafi, kuma a cibiyar faifan da bakinsa kawai. Inda fad ke taɓawa a rufe da takarda.

Kafin a ɗaura sabon, akwai aikin minti biyar da ake yawan tsallakewa. Mazaunin da faifan ke hawa a kai, shi ma yana yin tsatsa. Idan aka ɗora sabon faifai a kan tsohuwar tsatsa, zai zauna a karkace, karkatar da ido ba zai gani ba. Bayan 'yan watanni birki ya soma bugun ƙafa, ka ce an sayar maka da jabu. A sa burushin waya a kankare mazaunin sai ya yi fari. Kanikawa 'yan'uwana, ƙurar birki kuma kada a busa ta da baki ko da iskar famfo, tana cutar da huhu. A jiƙa tsumma a goge. Kuma kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

An ɗaura, an ɗaure noti? Kafin mota ta motsa, a danna birki sau da yawa a tsaye har ya yi tauri. Kwanakin farko a tafi da ita a hankali, fad da faifai su saba da juna.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba taya da yadda ake karanta shekararta a jikinta. Waɗanda ke kan hanya, hadari ya haɗo, a kunna fitila, a ba na gaba tazara. A sauka lafiya.